Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Ruwan da aka ɗaura min a Kano

Salam jama'a, wancan satin mun tsaya inda idona na hagu ya dushe ana tsaka da cirar gyaɗa. Gwaggo dai maganarta ɗaya ce, wai ciwon da zai zo ya tafi ya sake dawowa ba na asibiti bane, aike ne. Kuma a gaban abokiyar zamana ta faɗa, tana kallonta.

Yaya ne ya sayar da ragonsa a kasuwar Maigatari ya kaini asibitin Malam Aminu Kano. Bayan hoton ƙwaƙwalwa na MRI likitan jijiya yace sunan ciwon MS, garkuwar jikina ce take cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, shi yasa yake tashi ya lafa. Basu ɗaura min komai ba sai da suka auna fitsari da jini, wai zazzaɓi ko ciwon sanyi kaɗai yana iya tado tsofaffin alamu, tashi na gaske sai abu ya wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba.

Sannan aka kawo methylprednisolone, maganin rage kumburi, gram 1 a cikin ruwa kullum, ana yinsa kwana 3 zuwa 5. Wallahi bakina kamar na tsotsi tsohon kwabo, fuska ta ɗau zafi, barci ya ƙaurace min ina ta surutu har asuba Yaya na cewa ke Allah ya shirye ki kiyi shiru mana, ga nas tana huda min yatsa don ruwan yana ɗaga suga, ga maganin olsa da suka haɗa min saboda ciki. Likita bai ɓoye min ba, yace Hajiya wannan saurin samun sauƙi kawai yake sawa, baya hana ciwon dawowa, maganin hanawa daban ne kuma da tsada. In ruwan bai yi aiki ba akwai wankin jini da ake canza ruwan jinin.

Ido ya buɗe a hankali, Gwaggo tace rubutunta ne. Da ƙafata ta yi nauyi bayan bikin Auta, ƙwayar wannan maganin suka bani, miligiram 500 kullum na kwana 5, nan ma tace kun gani ko, ai na faɗa, aike ne. Allah ya jiƙanta, amma baiwar Allahn da ta ɗora wa zargi ita ke ɗebo min ruwan wanka mai sanyi duk bazara in zafi ya tado min kasala, kuma har gobe akwai gidajen da basa cin tuwonta.

Sati mai zuwa zan baku labarin yadda muka ƙare da maigida kan kuɗin hoton.