Ta'arifi biyar da Gangesha ya jero don ya rushe

Duk wanda zai shiga babin wiyafti, wato alaƙar da ba ta rabuwa tsakanin dalili da abin da yake nunawa, a littafin Gangesha, malamin mantiƙi na Indiya, ya san wannan tun daga bakin ƙofa: ta'arifai biyar ɗin da ke farkon babin ba nasa ba ne. Ya jero su ne don ya rushe su. Ni ba wanda ya gaya mini. Takardar taƙaitawa da aka raba mana a ajin da muke yi ta intanet ta kawo su a jere da lamba, 1 zuwa 5, an rubuta sunan Gangesha a sama, shi ke nan. Har yau in na tuna da takardar nan sai raina ya sosu.

Da guzurina na zaure na shiga ajin. Na sauke Sullam na Ahdari, littafin mantiƙi na Larabci, na san sugra da kubra da natija, wato ƙaramar muƙaddima da babbar muƙaddima da sakamakon ƙiyasi, don haka farkon karatun bai ba ni wuya ba. Da Tarkasangaraha muka fara, ɗan matanin da Annambatta ya rubuta wa masu farawa a ƙarni na 17. Hujjar malaman Nyaya, mazhabar mantiƙi ta Indiya, mai gaɓa biyar ce, kuma ta zauna mini nan da nan: akwai wuta a kan tsauni, saboda akwai hayaƙi, duk inda hayaƙi yake akwai wuta kamar a madafa, tsaunin nan haka yake, don haka akwai wuta. Na ce a raina ai ƙiyasinmu ne aka ƙara wa riga.

Inda hanya ta rabu shi ne kubra. Mu idan siffar ƙiyasi ta cika sharuɗɗa, natija ta fito, sai a bar maganar gaskiyar muƙaddimomi zuwa wani babi. Su kuwa malaman Nyaya a nan suka kafa bukka. Da aka ce duk inda hayaƙi yake akwai wuta, wace irin alaƙa ce wannan, kuma me ya raba ta da haɗuwar da ta zo bisa dace? Ita suke kira wiyafti. Juya maganar ka gani: ba duk inda wuta take ake samun hayaƙi ba, ga dunƙulen ƙarfe ya yi jajir a maƙera, wuta a jikinsa, ba hayaƙi. Sai an sami jiƙaƙƙen itace. Gangesha, mutumin Mithila a arewacin Bihar ta yau, ya rubuta Tattwacintamani a ƙarni na 14, kashi huɗu: gani da sauran gaɓoɓi, kafa hujja, kwatanci, da labari. Tambayar wiyafti tana kusa da farkon kashi na biyu, kuma ni aka ɗora wa gabatar da ita.

Ta'arifi na farko a takardar cewa ya yi: dalili kada ya kasance a wurin da babu abin da ake son tabbatarwa. Tafki ba wuta, kuma ba hayaƙi a cikinsa. Ya yi kyau, ya ture misalin ƙarfen maƙera ma, tunda ga wuta a inda babu hayaƙi. Sai biri ya shigo. Biri yana kan reshe. Ka ce: wannan abu yana taɓe da biri, domin shi ne wannan bishiyar. Hujja ce sahihiya, amma a saiwar bishiyar babu taɓawar biri, wato bishiya ɗaya ta zama wurin samuwa kuma wurin rashi, sai ta'arifin ya kori hujjar da bai kamata ya kora ba. Masu sharhi suka ce don toshe wannan aka kawo na biyu. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina hana idona barci, ina zana bishiyoyi da birai a littafin rubutu, ina ɗauka matakala nake hawa, na biyar shi ne ƙololuwa.

Ranar gabatarwa na kare na biyar ɗin iyakar ƙarfina, da sunan ra'ayin Gangesha. Wata dattijuwa a ajin, wadda ta yi karatun da harshen Sanskirit, ta bari sai da na dasa aya. Sannan ta tambaye ni a hankali: to yaya za ka yi da hujjar da ta ce wannan abu ana iya ambatonsa da suna, domin ana iya saninsa?

A mazhabarsu duk abin da yake akwai ana iya saninsa, ana iya ba shi suna. Ke nan babu wani wuri ko ɗaya da za ka nuna ka ce nan babu yiwuwar suna. Ta'arifan nan biyar kuwa kowannensu yana buƙatar a sami wurin da abin da ake son tabbatarwa ba ya nan. In babu irin wannan wuri, duk sun zube tare. Ta ɗora mana nassin a allo. Jumla ɗaya ce tak: a kanta akwai "ba", a tsakiya ta'arifai biyar, a wutsiya dalilin ƙin su. Mai taƙaitawa ya sare kai, ya sare wutsiya, ya miƙo mana gangar jiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne salon ba baƙona ba ne. Wanda ya zauna gaban malami ya san "in aka ce kaza, sai mu ce kaza". Su ma haka suke rubutu, sai dai maganar abokin jayayya tana iya cin shafuka kafin marubuci ya buɗe bakinsa. Saboda haka kafin ka haddace layi ɗaya a waɗannan littattafai, ka gano muryar wa kake ji. Ka tsallaka gaba ka nemo inda marubucin ya ce ga matsayarmu, sannan ka dawo. Kuma kada ka yarda da takardar da ba ta nuna maka jumlar daga farkonta zuwa ƙarshenta ba, ko wa ya rubuta ta.

Nasa ta'arifin dabara ce ta juya tambaya. Maimakon ka je neman wurin da babu wuta, je ka wuraren da hayaƙi yake, ka lissafa abubuwan da babu su a can. A madafa babu tafki, babu giwa. In wuta ba ta taɓa faɗowa cikin wannan lissafi ba, kuma ana samunta tare da hayaƙi, wiyafti ta tabbata. Yanzu hujjar dattijuwa ta tsira, don ba a bukatar wurin da babu yiwuwar suna. Amma ga wani rami: a madafa babu wutar tsauni, a tsauni babu wutar madafa, in aka bi haka kowace wuta sai ta faɗa lissafin. Shi ya sa aka sa ƙaidi, cewa rashin da ake nufi shi ne rashin wuta a matsayinta na wuta, ba wannan wutar ko waccan ba. Aka ƙara wani ƙaidin saboda birin nan, cewa rashin da ke zama wuri ɗaya da abin da aka rasa ba ya shiga lissafi.

A nan na gane me ya sa Tarkasangaraha ya fara da rabe-raben samammu guda 7, babin da na bi da gudu ina ɗokin isa mantiƙi. Na bakwai shi ne rashi, kuma a wurinsu abu ne tabbatacce, har suna cewa ido yana ganin rashin tulu a ƙasa. Iri huɗu ne: rashin tulu kafin a gina shi, rashinsa bayan ya fashe, rashinsa ɗungum a wani wuri, da kasancewar tulu ba zane ba ne. Kowane rashi yana da abin da aka rasa, da wurin da aka rasa shi, da siffar da aka rasa shi da ita. Wanda bai riƙe wannan ba, ta'arifin Gangesha zai zame masa surutu. Ko rabe-raben ma ba su tsira ba: Ragunata Shiromani na Nabadwip a Bengal, wanda ya yi zamani da Ahdari, ya soke wasu, ya ƙara irin su mallaka, ya ce lokaci da sarari ba wani abu ba ne daban da Ubangiji.

Abokan karatu sun yi ta lallashina cewa wahalata ba ta tafi a banza ba, kuma da gaskiyarsu. Maturanata, wani malamin mazhabar da ya zo bayan Gangesha, ya yi wa ta'arifan nan biyar sharhi mai tsawo, a kansu ɗalibai ke koyon sa ƙaidi da cire shi, kuma wani malami Ba'amurke, Ingalls, ya fassara sharhin zuwa Turanci a 1951. Na yarda. Amma wasa wuƙa daban, a sa ka tsaya gaban mutane kana jingina wa malami abin da ya ƙaryata daban. Bayan biyar ɗin akwai wasu biyu da ake wa laƙabi da zaki da damisa, sunayen na da daɗi, ta'arifan na da kyan gani. Su ma rusassu ne, da wasu da dama a bayansu, kafin a kai ga nasa.