Otal a tsibiran Maldibs: cinikin a gida ake gama shi

Mu da muka tashi a garuruwan da ake ciniki muna da wata ɗabi'a da ba mu cika lura da ita ba. Mun saba cewa in farashi bai yi maka ba, akwai shago na gaba. Ka taya, a ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, a kira ka. Wannan sabon ne ya kayar da ni a Maldibs, kuma shi nake so ƙannena su ajiye a gida kafin su kama hanya, ko ku da ke zaune a Ingila da Kanada kuna neman inda za ku tsere wa sanyi, ko ango da amarya da ke shirin tashi daga Kano ko Abuja cin amarci.

Maldibs tsibirai ne kusan 1,200 a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, kuma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Tun da aka buɗe otal na farko a 1972, tsarin da aka ɗauka shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Da yawansu za ka zagaye su da ƙafa cikin ƙasa da rabin awa. Babu kanti, babu mai shayi, babu wata mata mai tuwo-tuwo a bayan layi. Ruwan da za ka sha daga teku ake tace shi a cire gishiri, wuta ta janareta ce mai cin dizal, albasa da tumatir da nama duk a jirgi suke zuwa. Don haka tsadar ba duka ba ce zalunci, akwai dalili. Amma dalili ba ya rage maka ko kwabo, kuma da zarar ka sa ƙafa a tsibirin, bakinka ya mutu.

Abin da ya kore ni daga Manchester kowa da ke can ya san shi. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk a cunkushe cikin awa huɗu, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu. Mutumin da ya girma a rana, wannan abu yana taɓa masa zuciya, ba jiki kaɗai ba. Saboda haka ba zan ce wa kowa neman rana almubazzaranci ba ne. Yadda na neme ta ne ya zama almubazzaranci.

Na zaɓi makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, don shi ne hutun da ya zo mini da sauƙi. Babu makon da ya fi shi tsada a duk shekara. Ƙari a kan haka, otal-otal da yawa suna da liyafar dole a daren sabuwar shekara, wasu har da daren Kirsimeti, ana cajin kowane baƙo ko ya je ko bai je ba. An rubuta wannan a ƙasan takardar da ƙananan baƙaƙe, ni ne ban karanta ba. Muka biya kuɗin biki na kiɗa da giya, ni da maiɗakina muka ci shinkafa da kifi muka koma ɗaki kafin sha ɗaya. Alhali ranin can yana kamawa ne daga Disamba har Afrilu. Ranar da ake sayarwa da tsada a ƙarshen Disamba, ita ce dai ke fitowa a tsakiyar Janairu da Fabrairu da Maris, lokacin da Turawa suka koma aiki farashi ya sauko. Daga Mayu zuwa Nuwamba kuma damina ce, da iska da hadari, farashi ya fi faɗuwa, amma wannan ba amsa ba ce ga mai gudun hunturu.

Sai batun abinci, inda aka fi yanka ni. Na ɗauki ɗaki da karin kumallo kawai, a raina na ce sauran ma ji da shi in mun je. A takardar abincin can, kusa da kowane farashi za ka ga alamar tarawa guda biyu, ++. Ta farko kuɗin hidima ne, kashi 10 cikin ɗari. Ta biyu harajin gwamnati ne na masu yawon buɗe ido, wanda aka ɗaga zuwa kashi 17 daga Yulin 2025, kuma a kan jimlar farko ake ɗora shi. Ma'ana, abincin da aka rubuta dala 100, dala 128 da ɗoriya za ka biya. Ba kuma kuɗi kake zarowa ba, balle hannunka ya ji nauyi. Lambar ɗaki kake faɗa, ka sa hannu a 'yar takarda, ma'aikacin ya yi maka murmushi. Ruwan roba, lemo, shayin yamma, duk sa hannu ne. Sai ranar tafiya ake tara maka su.

Akwai kuma harajin muhalli, wanda daga Janairun 2025 ya koma dala 12 kowane mutum kowane dare a manyan otal-otal. Mutum biyu, mako guda, dala 168 ke nan kafin ku sha ruwa.

Tsare-tsaren abinci iri huɗu ne: karin kumallo kawai, ko karin kumallo da abincin dare, ko sau uku a rana, ko kuma na komai da komai har abin sha. Na ƙarshen nan yana da daɗin ji, amma babban kaso na kuɗinsa na giya ne, don haka wanda ba ya sha yana tallafa wa mashaya ne kawai. Ka rubuta musu ka tambaya ko suna da tsarin komai da komai marar giya, wasu suna da shi. In babu, ni a ganina na safe da dare ya wadatar. Karin kumallon manyan otal-otal ba ƙaramin abu ba ne, in ka ci shi wajen ƙarfe goma zai riƙe ka har yamma. Ka sa dabino da gyaɗa da biskit a jaka. Ka kuma riƙe yajinka, domin bayan kwana kaɗan harshenka zai fara neman gida.

Abin da kusan babu wanda ke faɗa maka shi ne, sauka a filin jirgin Velana da ke kusa da Male, babban birnin, ba isowa ba ce. Otal ɗin da ke kusa, jirgin ruwa mai gudu ne zai kai ka. Na nesa kuwa sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuma kuɗinsa daban ne, zuwa da dawowa yakan kai dala ɗari huɗu zuwa shida ko fiye a kan kowane mutum. Otal ne ke shirya shi, ba ka da zaɓin wani. Kaya kuma kilo 20 ne da 'yar jakar hannu ta kilo 5, abin da ya haura ka biya. Uwa uba, waɗannan jirage da rana kawai suke tashi. Ni na sayi tikitin da ya fi araha, wanda ya sauke mu bayan la'asar. Wani saurayi riƙe da allo mai sunan otal ɗin ya tare mu, ya duba agogo, ya ce cikin ladabi jirgin ƙarshe ya tashi. Muka kwana a wani ƙaramin masauki a Hulhumale, tsibirin da ke haɗe da filin jirgin, da kuɗinmu, ga ɗakin da na biya mafi tsada a rayuwata yana can babu kowa a ciki. Maiɗakina ba ta ce komai ba, abin da ya fi magana ciwo. Ka nemi jirgin da zai sauka da safe, ko da ya fi tsada kaɗan. Haka na komawa, kada ya zama na sassafe.

Gaskiya dai, tafiyar washegari ta yi kyau. Matuƙan ba takalmi a ƙafarsu, ƙarar injin sai an toshe kunne, a ƙasa kuma tsibirai ne zobe-zobe, kore a tsakiya, fari a gefe, ruwan ya tashi daga tsanwa ya koma shuɗi mai duhu. Wannan kam na ga abin da na biya.

Takardu ba su da wahala. Ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, in kana da shaidar masauki da tikitin komawa. Akwai fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin tafiya. Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar ya tabbata katin rigakafin shawara yana hannunsa.

Yanzu ɗakin nan da aka gina a kan ruwa, wanda hotonsa ne ke jan kowa. Ni ma shi ya ja ni. Na ɗauka shi ne ƙarshen sirri, sai na tarar ɗakunan a jere suke a kan gada ta katako, maƙwabci na iya hango barandarka in ya miƙe, masu iyo suna wucewa ta gabanka da gilashi a fuska, kwale-kwale na kai da komo. Matar da ke son ta cire mayafi ta sha iska ba ta samu yadda take so ba. Ɗakunan bakin yashi, waɗanda itatuwa suka kewaye kuma suka fi araha, su ne suka fi sutura. In zuciyarka ta nace, ka ɗauki na yashi yawancin kwanakin, na kan ruwa dare ɗaya ko biyu a ƙarshe. Otal-otal sun saba da wannan.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu ba mu iya ruwa ba. Wankan kududdufi na yarinta ba iyo ba ne. Daga barandar akwai tsani da ke sauka kai tsaye cikin teku, ruwan garau kamar bai kai gwiwa ba, alhali in ya cika yana shanye mutum, kuma a bakin murjani, wato duwatsun ƙarƙashin ruwa da suka kewaye tsibirin, akwai igiyar ruwa mai ja. Rigar iyo mai hana nutsewa kyauta ake ba da ita a yawancin wurare, ka sa ta ba kunya. Kada ka taka murjani, yana yanka kuma ciwon ba ya saurin warkewa. Rana kuma tana ƙona baƙar fata, ni shaida ne, kafaɗuna sun yi saɓa. Ka yi inshorar tafiya, domin manyan asibitoci a Male suke, kuma ɗauko marar lafiya daga tsibiri mai nisa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Maldibs ƙasar Musulmi ce, an hana shigo da giya da naman alade a jakar matafiyi, ba a kuma sayar da giya a tsibiran da jama'a ke zaune. Amma tsibiran otal dokarsu daban, ana sayar da duka biyun. Kada ka saki jiki don ka ji an ce ƙasar Musulmi. Ka tambayi mai dafa abinci, musamman kan miya da kayan zaƙi da akan zuba wa giya. Abin da na gano a makare shi ne akwai masallaci a tsakiyar tsibirin, a sashen ma'aikata, bayan wata katanga da baƙi ba sa leƙawa. Na tambayi yaron da ke gyara mana ɗaki inda yake salla, ya yi mamaki, ya ce in biyo shi. Na tarar da masu dafa abinci da masu shara da matuƙan kwale-kwale, 'yan ƙasar da 'yan Bangaladash da Indiya, takalma jibge a ƙofa. Wanda ya kawo mini shayi da safe yana rusunawa, shi ne kafaɗarsa ke manne da tawa a sahu. Ka tambaya tun ranar farko. Ka kuma lura da agogo, wasu otal-otal suna tura nasu gaba da awa ɗaya a kan na Male don yamma ta yi tsawo, abin da ke rikita lokutan salla a waya.

Da zan sake, ba zan ba tsibirin otal duk kwanakina ba. Tun 2009 gwamnati ta yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran jama'a, irin su Maafushi da ke kudu da Male. Teku ɗaya ce, rana ɗaya ce, kuɗin bai kama ƙafar na otal ba, harajin muhallin ma rabi ne a ƙananan masaukai. Za ka ji kiran salla, ka karya da mas huni, wato kifin tuna da aka cuɗa da kwakwa da albasa da barkono, a ci da wata siririyar gurasa. Male kanta ban taka ta ba, kuma har yau abin na damuna. A can ne tsohon masallacin Juma'a yake, wanda aka gina da dutsen murjani a 1658. A tsibiran ne Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko, ya yi alƙalanci a ƙarni na 14, kafin tafiyarsa ta Mali. Kuma kuɗin wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, mai yawa daga cikinsa daga tekun nan aka kwaso shi, jiragen Turawa suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma. Na je har ƙasar na dawo ban ga komai nata ba sai wurin da aka keɓe wa baƙi.

Mafi muni a cikin duka, da katin bashi na biya. Hutun ya ƙare cikin 'yan kwanaki, bashin da kuɗin ruwansa suka bi ni har bazara ta shigo. In na yi wa kaina adalci, rabin abin da ya sa na zaɓi wuri mai tsadar nan don hoton da zan ɗora ne a ga ni ma na je. Waɗanda suka danna alamar so sun manta kafin dare. Ango musamman, kai da ka gama fama da lefe da sadaki da kuɗin haya, kada ka buɗe aure da bashin otal. Ku shiga adashe, ko ku ware wani abu duk wata, ku je baɗi. Tsibiran suna fuskantar barazanar hauhawar teku, har shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi taron ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a 2009 don jan hankalin duniya, amma ba kafin baɗi za su nutse ba.

Kafin ka tura ko sisi, ka rubuta wa otal ɗin ko wakilin tafiyar, ka ce su aiko maka da jimla guda a rubuce: ɗaki, abinci, jirgin kai wa tsibiri da dawowa, kuɗin hidima, haraji biyun, da duk wata liyafar dole. Ka tambayi abin da za a mayar maka in tafiya ta fasu. A nan ne kake da bakin tayawa, ka ce a ƙara maka abincin dare kyauta ko a rage kuɗin jirgi, kuma a wajen lokacin cunkoso sukan yarda. In kuka isa, duk bayan kwana biyu ka je teburin karɓar baƙi ka ce a nuna maka lissafinka. Ka kuma riƙe ƙananan daloli na ihsani ga ma'aikata, sababbi, domin tsohuwar takarda ko wadda ta yage ba a cika karɓarta a can ba.