Rim da Tayar da Na Zaɓa wa Tsohuwar BMW Don Ranar Gwajin Gudu

Motata BMW ce ƙirar E36 mai ƙofa biyu, 328i ta shekarar 1996, kuma duk wanda ya san irinta ya san cewa matuƙar injinta mai silinda shida yana da lafiya, tsufa ba ya hana ta nuna kanta a kan kwalta. A nan Bauchi ba mu da irin filin tseren da ake gani a talabijin, don haka mu 'yan tsiraru masu wannan sha'awa mukan nemi izinin wani fili mai kwalta da aka killace, mu jera robobin alama, mu tsara inda za a sha kwana, sannan mota ɗaya ta shiga bayan ɗaya ta fito. Ba na tare da masu wasan mota a tsakiyar gari ranar biki ko Sallah, domin titi na kowa ne, har da yara da masu talla.

Kuskurena na farko shi ne na bi abin da ya burge ido. Na sayi rim mai inci 18 haɗe da tayoyi 'yan Kwatano waɗanda zanensu ke nan raɗau kamar ba a taɓa taka su ba. A ranar farko, cikin zafin watan Afrilu, ban wuce zagaye huɗu ba sai na ji gaban motar ya daina bin sitiyari, ina juyawa tana zarcewa, ga ƙaurin roba ya cika ciki. Da na tsaya, wani dattijo mai faci da muke zuwa da shi ya tsuguna, ya shafa gefen tayar, roba tana murmushewa a yatsunsa, ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Ya nuna mini hoton dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, sannan ya nuna lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT, wato 3714. Na ce, "Baba, me ke nan?" Ya ce tayar sanyi ce ta Turai, kuma an yi ta a mako na 37 na shekarar 2014.

Tun daga ranar na fahimci cewa shekarun taya da irin robarta sun fi faɗinta da girman rim muhimmanci. Tayar hunturu an haɗa robarta ne don ta kasance da taushi a cikin ƙanƙara, saboda haka idan ta haɗu da kwaltar Bauchi a lokacin da zafin iska ke kusantar digiri 40, ga birki da kwana a jere, sai ta yi laushi fiye da kima ta daina riƙe ƙasa. Tsohuwar taya kuma akasin haka take yi, robarta ta bushe ta taurare ko da zanenta bai taɓu ba. Tun shekarar 2000 ake rubuta ranar ƙira da lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sun daɗe suna jan kunne a kan wannan lamba. Akwai kuma harafin gudu da ke bin lambar nauyi a gefen taya, mai nuna iyakar gudun da za ta iya jurewa: H na nufin kilomita 210 a awa, V 240, W kuma 270. Ba don zan kai wannan gudu nake neman V ko W ba, sai don irin wannan taya ta fi jure zafi.

Maganar rim ta fi buƙatar haƙuri, domin ba kowane mai huda biyar ne ke zama daidai ba. Na E36 ma'auninsa 5x120 ne, wato huda biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, yayin da na Marsandi yake 5x112, na yawancin Toyota da Honda masu huda biyar kuma 5x114.3, don haka babu dabarar bakanike da za ta sa su dace cikin aminci. Ko a cikin gidan BMW akwai tarko. Ramin tsakiyar rim ɗin E36 milimita 72.6 ne, na wata ƙirar BMW mai suna E39 kuwa 74.1, kuma na E39 ya fi turowa waje, shi ya sa waɗanda suka ɗaura shi ba tare da zoben cike giɓi ba suke fama da karkarwar sitiyari, taya kuma tana gogar bodi idan an sha kwana. A bayan kowane rim akwai lambar ET da ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje, kuma ga wannan mota abin da ke tsakanin 41 da 47 shi ne kusa da yadda kamfani ya tsara.

Daga ƙarshe na sauko zuwa rim mai inci 17 da faɗin inci 7.5 da ET41, irin ma'aunin da M3 ta wancan zamani, wato E36 mafi ƙarfin inji, ta zo da shi, na ɗaura tayoyi masu lamba 225/45 R17 sababbi a ƙafa huɗu. Motar ta fito da 205/60 R15, wanda tsayinsa kusan milimita 627 ne, sabon kuma 634, bambancin bai kai ya rikita giya ko agogon gudu ba. Na ƙi sa mai faɗi a baya da siriri a gaba, ko da yake samari sun fi son haka, domin girma ɗaya yana ba ni damar sauya na gaba da na baya idan sun fara ci, kuma gaban motar ya fi yin biyayya. Rim mai inci 18 ya fi nauyi, kuma kowane kilo da ke ƙasan shokabzoba wahala ce ga birki da tsofaffin ƙafafun mota. Ga kuma ramukan hanya, waɗanda ba sa yi wa siririyar taya afuwa. Rim ɗin da aka taɓa yi wa walda kuwa ba na ko taya shi.

Iska ita ce abin da na fi daɗewa ina koyo. Masu faci da yawa sukan cika har 40 a geji ba tare da an tambaye su ba, alhali taya idan ta ɗau zafi iskarta ƙaruwa take yi. Ni nakan fara da 30 da safe, in yi zagaye uku, in auna nan take, in rage har ta tsaya wajen 34 tana da zafi. Dattijon nan ya koya mini in ja layin alli daga zanen taya zuwa gefenta. Idan allin ya goge har gefe, taya tana kwanciya, iska ta yi kaɗan ke nan. Nakan kuma sake duba ɗaurin kusoshin ƙafa da sifana mai awo bayan fitar farko, ba na yarda a hau kan dogon bututu a matse su.

Sabuwar taya ta tona asirin abin da tsohuwar ta ɓoye. Da riƙon ƙasa ya ƙaru, sai bayan motar ya fara rawa a tsakiyar kwana, muka ɗaga ta muka tarar robobin hannun baya da mazaunin shokabzoba duk sun tsage, abin da aka san E36 da shi. Su na sauya kafin fita ta gaba. Tayoyin ƙanƙarar nan huɗu suna nan jingine a gareji, mutum biyu sun taya, amma na ƙi sayarwa, domin na san a kan hanyar Alkaleri za su ƙare ɗauke da iyalin wani.