Wata uku ina lissafin zobe ba tare da bututunsa ba

Har yau in na tuna watanni ukun nan raina ɓaci yake yi. Aikin digirina na biyu a nan Abuja shi ne in kwaikwayi zoben KARA na Karlsruhe da ke Jamus a kwamfuta, wata na'ura mai kewayen mita 110 da ilektoron ke zagayawa a cikinta da gudu, in gano yawan cajin da dunƙulen ilektoron zai ɗauka kafin ya hargitse. Babu irin wannan na'ura a duk Afirka, don haka kwamfutar ce ɗakin gwajina.

A cikin maganaɗisu ilektoron kwana yake sha, hasken da ya fitar kuwa a miƙe yake tafiya. Sai hasken ilektoron na baya ya yanke hanya ya riski ilektoron na gaba, ya sauya musu kuzari. In dunƙulen gajere ne kuma caji ya yi yawa, sai ya tsattsage daga ciki, ya riƙa feso hasken terahertz, wani haske da ido ba ya gani, jefi-jefi. Wannan kam na haddace shi.

Amma kullum nawa dunƙulen sai ya hargitse da wuri, a cajin da ke ƙasa da wanda aka auna a can. Na zargi ƙarancin ƙwayoyin da na zuba a lissafin a madadin ilektoron, na ninka su. Kowane gwaji sai ya kwana yana gudana, in aka ɗauke wuta in sayi fetur in tayar da janareta. Kuɗin abincina ne ya tafi a nan.

Ranar da na kai wa Malam zanen sakamakon, ya daɗe yana dubansa, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ina bututun naka?"

Nan gabana ya faɗi. Na yi lissafin kamar a sarari fetal ilektoron ke gudu, alhali cikin bututun ƙarfe yake, mai tsayin milimita 32 daga ƙasa zuwa sama. Bangon nan yana danne haske mai dogon zango, shi ya sa dunƙulen ke jure caji fiye da yadda na samu. Layi ɗaya ne a fayil ɗin saitin, ban taɓa duba shi ba.

In za ka yi wannan aiki, kafin ka ƙara ƙwaya ko ɗaya, zana tasirin hasken da bango da kuma babu bango, ka kwatanta su. Na gyara nawa da yamma, na sake gudanar da shi, kafin asuba lambar ta matso kusa da wadda aka auna.