Na sauke tsayin babur ɗina

'Yan uwa masu babur, musamman gajeru irina. Na sa bakanike ya canza min shokozoba biyun baya na Boxer ɗina da gajeru, ya ɗan sauke gaban ma, tsayi ya ragu da kamar inci 2. A cunkoso kam alhamdulillahi, ƙafafuna biyu suna taka ƙasa daram.

A kwana ne labari ya canza. Babur ba ya shan kwana sai ya kwanta, kuma duk abin da ka rage a tsayi, daga wurin kwanciyar nan ka cire shi. Shataletalen da na saba zagawa hankali kwance, yanzu ina ɗan karkata sai in ji ƙarrr, matakin ƙafa yana kartar kwalta. In da goyo abin ya fi muni, don nauyi ya riga ya danne shokozoba, kwanar kuma ta ƙara danne ta. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarfen kafewa na tsakiya da salansa. Su ba sa lanƙwashewa. In suka daki ƙasa da ƙarfi sai su ɗauke wa tayar baya nauyi, ta sulluɓe.

Tudun rage gudu ma sai da lallami. Ƙarfen kafewa na gefe kuwa ya yi wa babur tsawo, yana tsayawa kusan a miƙe, dole aka rage shi.

Mai son ƙafarsa ta kai ƙasa kawai, ni dai a ganina ya fara da rage soson kujera. Ya fi arha, kuma kwanarsa tana nan yadda take.