Kafin ka danna Delaware, tsaya ka ji

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci a Bronx, ɗan wani aminina ya miƙo mini wayarsa yana ta murna. "Kawu, duba, saura in danna kawai." Rajistar kamfanin LLC, wato irin wanda ke raba dukiyar mai shi da bashin kamfani, zai yi a jihar Delaware. Tela ne, shagonsa yana nan New York, ƙafarsa ba ta taɓa taka Delaware ba. A TikTok ya ji wani yana cewa can ake yi. Na ce ya dakata, sai ya dube ni kamar na hana shi arziki.

Wannan ƙayar na taka ta. Lokacin da na fara harkar tura kaya gida a kwantena, aka ce mini manyan kamfanonin Amurka a Delaware suke rajista. Haka ne, da yawansu can suke, saboda dokokin jihar da kotunta ta Chancery mai shari'ar kamfanoni sun dace da masu hannun jari. Ni ina ruwana da hannun jari? Mota ɗaya gare ni da ɗakin ajiya na haya. Amma kuma ku yi mini adalci. Na taso a Najeriya inda hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ɗaya ce, takardarta tana aiki daga Sakkwato har Fatakwal. Wa zai gaya mini nan kowace jiha da nata ofishin? Babu wanda ya zaunar da ni. Ko da yake, gaskiya, ban tambaya ba. So nake a ce kamfanina yana inda na manya yake.

A lokacin, kowace shekara ina biyan Delaware dala 300 kafin 1 ga Yuni, ga kuɗin wakilin da dole ka ɗauka mai adireshi a jihar. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta jinya na manta, suka ɗora tarar dala 200 da ruwa a kai. Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar da wani ya riƙe mini kuɗin kaya na tafi kai ƙara, lauya ya ce kamfanina baƙo ne a New York, ba shi da bakin shigar da ƙara sai ya nemi izinin jihar. Izinin dala 250 ne, alhali da tun farko nan na yi rajista, dala 200 ce. Sannan ga sanarwar da doka ta wajabta a jaridu biyu, mako shida a jere. Kafin in gama wannan zirga-zirga, mutumin ya tattara ya bar gari.

Lauyan ya kuma duba asusun kamfanin ya girgiza kai. Daga nan nake biyan kuɗin asibiti a gida, daga nan nake cefane. Ya ce wanda ya cakuɗa kuɗinsa da na kamfani, kotu na iya cire masa kariyar da ya yi rajistar dominta. Uwa tana kwance, wa ke tuna wane asusu ne? Har yau ban ga laifina a nan ba, sai dai doka ba ta tambayi dalilina ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, amma ku yaran yanzu abin da ya wuce minti ɗaya ba kwa saurara. Ka yi rajista a jihar da shagonka yake. Ka buɗe wa kamfani asusunsa daban. Lambar harajin kamfani, EIN, kyauta ce a wurin hukumar haraji ta IRS, kada ka biya kowa. Kada ka yi gaggawar rajista, bari ciniki ya kankama tukuna. A'a, in har kana riƙe kayan mutane, yi yau, kada ka kwana.

Yaron bai kira ni ba har yanzu. Gobe bayan Magariba zan je wurin mahaifinsa da tsofaffin rasitaina.