Abin da tarukan bita kan haƙƙin mallakar fasaha suka koya min

Shekarun da na yi ina aiki a sashen da ke duba dokokin ciniki, ba abin da na fi halarta kamar taron bita kan haƙƙin mallakar fasaha. Ƙwararru su zo daga Turai ko Amurka, a kama otal, a raba jaka da biro, a biya kuɗin zama. Ba alfarma suke yi ba: sashe na 67 na TRIPS, wato yarjejeniyar duniya kan haƙƙin mallakar fasaha, wadda ta fara aiki a 1995 ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, shi ya ɗora wa ƙasashe masu arziki taimaka wa masu tasowa ta wannan fanni.

Abin da na lura da shi a hankali shi ne, darasin kusan kullum gefe ɗaya yake kallo. Za a koya maka yadda ake rajistar ƙirƙira, yadda jami'an kwastan za su kama jabun kaya, yadda alƙali zai hukunta mai satar fasaha. Duk suna da amfani. Amma ƙofofin da yarjejeniyar da kanta ta bari a buɗe, irin su lasisin dole, wato gwamnati ta ba wani izinin haɗa magani ko da mai shi bai yarda ba, sai a ambace su a gurguje dab da tashi cin abinci.

Misalin da ya fi zauna min a rai na OAPI ne, ƙungiyar haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, wadda Nijar da Kamaru da Chadi ke ciki. A 1999 aka yi wa Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda ta kafa ƙungiyar, kwaskwarima da shawarar ƙwararru daga waje, aka mayar da wa'adin kariyar ƙirƙira shekara 20. Alhali yawancin ƙasashen ƙungiyar suna cikin rukunin mafiya talauci, waɗanda TRIPS ta ɗaga wa ƙafa. Sun ɗauki nauyin da ba a ce su ɗauka ba tukuna, a daidai lokacin da cutar ƙanjamau ke ɗibar jama'a. Bayan shekara 2 kacal, a 2001, sanarwar da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fitar a Doha ta tabbatar cewa lafiyar al'umma na gaba, kuma a shekarar ce kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da maganin ƙanjamau na shekara guda kan dala 350, maimakon sama da dala 10,000. Sai a 2015 OAPI ta gyara wannan ɓangare na magunguna. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙasar da wani ya rubuta mata daftarin doka, da wuya ta iya musu da shi a kan tebur.

Indiya kuwa da nata lauyoyin ta zauna, ta rubuta gyaran dokarta na 2005 yadda ɗan sauya fasalin tsohon magani ba zai ba kamfani sabuwar kariya ba. Da wannan gyara Kotun Ƙolin ƙasar ta kayar da kamfanin magani na Novartis a 2013.

Ba wai tallafin ba ya haifar da ɗa mai ido ba. Inda buƙatar ta fito daga gida, ana ganin amfani. Rajistar sunan masoron Penja da zumar Oku na Kamaru a 2013, sannan kilishin Nijar da albasar Galmi daga baya, dukkansu da tallafin waje aka yi su, kuma manomi da mahauci ake son karewa. Ƙorafin Birazil da Ajantina a 2004 ma ya sa WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ta amince da shawarwari 45 a 2007, ciki har da cewa tallafi ya bi buƙatar ƙasar da ke karɓa.

Yanzu in takardar gayyata ta zo, kafin in duba sunan otal, sai in nemi sanin wa ya biya kuɗin taron, wa ya tsara jadawalin, kuma ko an gayyato ma'aikatar lafiya da ta noma, ko mu 'yan ciniki kaɗai aka kira.